Ciyawar da aka aske, buntu, bambaro ko leda: me ya fi dacewa da rufe ƙasar lambu?

Mai noman rani ya san inda kuɗinsa ke tafiya: man injin ban ruwa da ladan masu cire ciyawa. Lulluɓe ƙasa yana rage duka biyun, amma abin da ka lulluɓe da shi kan iya zama magani ko ya zama cuta.

Mafi arha ita ce ciyawar da ake askewa a filin ƙwallo, harabar makaranta ko gidajen manya. Sau da yawa kyauta ake bayarwa, kuma tana ruɓewa da wuri ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sai dai kafin ka loda ta a baro, ɗebi dunƙule guda ka baza a tafin hannu ka duba. In ganye ne zalla, ko da akwai haki iri-iri a ciki, ba komai, ganyen da aka yanke ba ya tsira. Abin tsoro shi ne kan da ya riga ya yi 'ya'ya. Tsiron zaki-banza guda yana zubar da iri dubbai, ƙarangiya da tsaidau kuwa ƙafarka za ta gaya maka. In ka ga kiri-kiri, bar ta a inda take, domin kowace gaɓa tana iya yin saiwa da zarar ta taɓa danshi. Haka balasa da fasa-ƙaba, suna farfaɗowa bayan an yanke su. Aya-aya ba ta yaɗuwa ta ganye, amma in da fartanya aka yi sharar, ƙwayoyinta na ƙarƙashin ƙasa sun biyo, kuma tana huda kowane irin rufi.

Tambaya ta biyu: an yi wa filin feshi? Maganin da ke kashe ciyawa mai faɗin ganye, irin 2,4-D, yana nannaɗe ganyen tumatir, tattasai da wake. In an fesa, a bari sai bayan aski uku. Akwai masu daɗewa fiye da haka, kamar picloram da clopyralid, waɗanda ko an mayar da ciyawar taki ƙarfinsu ba ya mutuwa. Gwajin ba wuya: cakuɗa ciyawar da ƙasa a gwangwani, shuka wake, jira mako biyu zuwa uku. In sabon ganye ya fito a murɗe, kada ta shiga lambu.

Wadda ta tsallake waɗannan, a shanya ta kwana biyu ko uku. Ɗanya kada ta wuce kaurin santimita 2 zuwa 3, in ba haka ba ta danƙare, ta ɗau zafi, ta yi wari, ruwa ya riƙa zamewa ta kanta. Busasshiya a iya kai ta santimita 5 zuwa 7. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 zai ci kamar baro bakwai zuwa takwas. A bar tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka don kada ya ruɓe. Wadda ta yi iri kuma ba asara ba ce: a tara ta tsibi da kashin dabbobi, tsayin kamar mita guda, a jiƙa, a riƙa juyawa har zafin cikinta ya kai maki 55 zuwa 60 a ma'aunin Celsius na kwanaki, yawancin irin zai mutu.

Ga wanda zai sa kuɗi, bambaron shinkafa ya fi kwanciyar hankali. Iska na ratsa shi, yana kai ƙarshen kakar tumatir, kuma a yankin Kura da Kadawa na jihar Kano ba ya wuyar samu bayan girbi, sai dai masu kiwo na neman sa, don haka a saya da wuri. Buntun shinkafa ya fi shi arha a bakin injin casa, yana jinkirin ruɓewa, amma iskar hunturu na kwashe shi, ban ruwan kwarara ma na tafiya da shi. A jiƙa shi da zarar an zuba. Garin katako a bar shi a gindin mangwaro da gwaiba, in ya shiga cikin ƙasar kayan miya sai ya riƙe sinadarin da ke sa ganye kore, shuka ta yi rawaya. Karan dawa yana kiran gara, kuma in daga gonar da ƙuduji ya kama ya fito, irin ƙudujin kan biyo shi, kuma yakan yi sama da shekara goma a ƙasa.

Leda ce ta fi kowa hana ciyawa, amma sai da tiyon ɗigo a ƙarƙashinta, kuma ba ta ƙara wa ƙasa komai. Baƙa zalla tana dafa saiwa a zafin Maris da Afrilu, don haka a nemi mai launin azurfa a sama, baƙi a ƙasa. Ta fi dacewa da mai kankana ko tattasai na sayarwa, wanda amfaninsa zai biya kuɗinta.