Lahadi a Landan: sujada da safe, layin Wimbledon da rana

'Yan'uwa, kun sha tambayata yadda Lahadi take a ƙasar nan, to ga labarin wata guda. A da ba a buga gasar tanis ta Wimbledon a Lahadin da ke tsakiyar gasar, ana barin ciyawa ta huta, sai fa in ruwan sama ya ɓata jadawali. Tun 2022 suka mayar da ita ranar wasa. Ni kuwa Lahadi ce kaɗai hutuna, kuma ba zan bar sujada saboda ƙwallo ba, sai na yi sammako na shiga wata majami'ar Anglikan a unguwar.

Gini ne na dutse mai ban sha'awa, amma bencina sun fi mutane yawa, yawancinsu kuma tsofaffi ne. Ba ganga, ba tulu, ba zumuntar mata da za su tashi su girgiza wuri. Da aka ɗauki waƙa na buɗe murya kamar yadda muka saba, sai na ji ni kaɗai ake ji, dole na sassauta. Wallahi kewar gida ta kama ni a nan. Sai dai a kan lokaci aka fara, wa'azi bai yi tsawo ba amma ya shiga jiki, aka ci jibin Ubangiji, aka tashi kafin awa ta cika. Baiko sau ɗaya, sanarwa kuma tana rubuce a takarda. Ba wanda aka tayar daga bencin gaba don wani babban mutum ya iso a makare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne layi. Wanda bai da tikiti yakan tafi filin shaƙatawa na Wimbledon Park, kusa da tashar Southfields, ya bi layi. Da isarka za a miƙa maka kati mai lamba da kwanan wata. Shi ke nan, lambarka ita ce matsayinka. Wasu a tanti suke kwana don samun kujerun babban fili, mu da muka zo a baya fam 30 ne kuɗin shigarmu harabar a lokacin. Dubban mutane ne zaune a kan ciyawa sahu-sahu, masu karatu na yi, masu barci na yi. Doka ta ba ka minti 30 ka je bayan gida ko ka sayo shayi. Na tafi gabana na faɗuwa, na dawo na tarar da wurina yadda na bar shi, tsohuwar da ke bayana ma ta matsar mini da jaka daga rana.

Can sai ga wani mutum cikin kwat mai tsada, ya hango abokansa a sahun gabanmu, ya zo zai zauna tare da su. Wani dattijo mai kula da layi ya matso yana murmushi ya ce ya nuna katinsa. Babu. Ya nuna masa ƙarshen layi da hannu, mutumin ya juya ya tafi. Bai ce "ka san ko ni wane ne" ba, bai ciro waya ya kira kowa ba. Na daɗe ina kallon bayansa. Kada ku ce babu bambanci a nan, masu kuɗi suna da tikitinsu da ƙofarsu, gidan sarauta ma da wurin zamansa. Amma wanda ya shiga layi ya shiga. Mu fa? A gidan mai, a banki, a asibiti, wanda ya zo da asuba shi ke komawa gida hannu rabbana, ɗan alfarma ya bi ta ƙofar baya, mu kuma muna cewa haka ƙasa take. Har a ɗakin Allah muna yi, alhali wasiƙar Yaƙub sura 2 ta hana a ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye.

Rana ta yi nisa kafin na shiga. Na samu benci a ɗaya daga cikin ƙananan filaye, ana wasan mutum bibbiyu, 'yan wasa duk cikin fararen kaya, kusa da ni har ina jin numfashinsu. Talabijin na rage wa wasan nan ƙarfi, ƙwallo takan wuce kafin ido ya kama ta. Ciyawar milimita 8 ake aske ta. Tun 2025 na'ura ce ke faɗin ƙwallo ta fita, an sallami alƙalan gefen layi. Shirun ne ya takura ni: ba ihu sai an ci maki, ba tashi sai 'yan wasa sun sauya gefe. Abinci kuwa tsada. Sitiroberi da kirim da ake ta zuzutawa fam 2.70 ne a lokacin, 'yan ƙwayoyi a ƙaramin kwano, kuma ni dai na Jos sun fi mini zaƙi.

Yaran makaranta ne ke tsintar ƙwallo, an horar da su, ba mai hamma ba mai waige. Ina kallonsu na tuna cewa a 1983 ɗan Najeriya, Nduka Odizor, ya kai zagaye na huɗu a wannan gasa. Ku da ke gida, ku leƙa filayen tanis na makarantun da muka yi, ku rubuto mini ko akwai wanda ragarsa ke ɗaure har yanzu.