Zanen hannu ko zanen kwamfuta: wanne ya kamata ɗalibi ya sa a gaba?

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya a zauren nan game da ɗanki da yake ajin ƙarshe na sakandare, wanda kika ce ya cika bayan littattafansa da zane-zane, yanzu kuma yana roƙon a saya masa fenti da buroshi, alhali yayansa yana ganin gara a tara kuɗin a saya masa kwamfuta ya koyi tsara fosta da katin biki, tunda nan ne ake samun na cefane. Kin nemi a kwatanta miki hanyoyin biyu kafin ki fitar da kuɗinki.

A ganina hanyoyin uku ne. Akwai zanen fensir da gawayi, akwai zanen fenti, sannan akwai tsara zane a kwamfuta. Na farkon tushe ne wanda babu mai tsallake shi ya zauna lafiya, na ukun shi ne mai saurin kawo kuɗi, na tsakiyan kuwa, wato wanda yaron yake nema, shi ne mafi tsada kuma mafi jinkirin biyan mai shi, ko da yake ya fi sauran zurfi ga wanda Allah ya ba haƙurinsa.

Abin da zanen hannu yake koyarwa shi ne gani. Idan aka ajiye wa yaro buta ko tulu a tsakar gida aka ce ya zana, zai gano cewa da can bai taɓa kallon butar da kyau ba: bai san tsawon bakinta idan aka gwada da cikinta ba, bai lura da inda haske yake faɗowa da inda inuwa take taruwa ba, bai kuma san cewa inuwar kanta tana da wurin da ta yi duhu da wurin da ta yi sauƙi ba. Kayan wannan karatu ba su da tsada. Fensir mai lamba HB na fitar da siffa, 2B zuwa 6B na inuwa, gawayi, abin gogewa, da takarda mai ɗan kauri, shi ke nan. Takarda kuma ba ta da maɓallin komawa baya, saboda haka dole mai zane ya yi tunani kafin ya ja layi, kuma wannan tilas ɗin ne yake gina hannu. Yaron da ya iya zana naɗe-naɗen babbar riga a jikin mai ita, ko hannun tsohuwa tana tankaɗe, ya mallaki abin da babu manhajar da za ta ba shi.

Kwamfuta wani darasi take koyarwa daban, wato tsari. Mai tsara fosta ba lallai ne ya zana komai da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya yanke shawarar abin da ido zai fara faɗa wa, da girman sunan ango da amarya a kan girman sunan wurin ɗaurin aure, da launin da zai zauna kusa da wani ba tare da sun yi faɗa ba, da filin da za a bari babu komai don rubutu ya sha iska. Yana kuma aiki ne da saƙon wani, ba nasa ba, sai ya koyi sauraron mai aiki, da jure gyara sau da yawa, da cika alkawarin lokaci. Mafi yawan fostocin da muke gani a titi, masu launi bakwai da salon haruffa biyar da hotuna a cunkushe, masu su sun iya danna manhaja sarai. Idon da zai ce musu ya isa haka ne suka rasa, kuma takarda da fensir ne suke samar da wannan ido.

Ta fuskar kuɗi, fenti da kwamfuta sun saɓa a yadda suke cin aljihu. Kwamfuta tana cin kuɗi mai yawa sau ɗaya, daga nan sai kuɗin wuta da data. Ko ta hannu aka saya, a tabbatar ma'ajiyar aikinta, wato RAM, ta kai gigabayit 8, batirinta kuma yana riƙe caji, domin mai batirin da ya mutu aikinsa yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Fenti kuwa kuɗinsa ba ya yankewa: kowane zane yana cinye ƙyalle da katako da launi, farin fenti yana ƙarewa kafin sauran, kuma mafi yawan kayan masu kyau daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ɗalibai da yawa suna rage tsadar ta hanyar ɗaura ƙyallen da kansu a kan katako su shafe shi da farin fentin gida haɗe da gam, wanda ya wadatar ga mai koyo.

Shi ma fentin iri-iri ne, kuma yanayin garinmu yana da ta cewa a cikin zaɓinsa. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin samansa ya bushe, ana kuma jiran kimanin wata 6 kafin a shafa masa man kariya na ƙarshe. Wannan jinkiri yana ba mai zane damar cuɗa launuka a hankali, amma a lokacin hunturu ƙura tana manne wa zanen tun yana ɗanye, ga warin man da ake tsarma shi da shi, wanda bai dace da ɗakin da ake kwana ba. Akirilik da ruwa ake tsarma shi, yana bushewa cikin mintoci, a zafin bazara ma har a kan buroshi yake daskarewa idan aka yi sakaci, amma shi ne ya fi dacewa da mai farawa domin idan ya yi kuskure yana iya rufe shi da wani launin. Fentin ruwa ya fi su arha a ido, sai dai yana buƙatar takarda mai kauri, irin mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, kuma ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Idan har za a saya wa yaron fenti, akirilik ne, launuka biyar kawai: ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi, ya koyi haɗa sauran da kansa.

A ɓangaren manhajoji, kada sunaye su ruɗe ki. Photoshop na gyaran hoto ne da zanen da aka gina da ɗige-ɗige, wanda yake dishewa idan aka ja shi ya wuce girmansa. Illustrator da CorelDRAW kuwa suna gina zane da layukan lissafi, ta yadda tambarin shago zai fito tsaf ko a kan hatimi ko a kan allon talla na bakin titi. Kamfanin Adobe, mai Photoshop da Illustrator, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata tun 2013, abin da yake da nauyi ga ɗalibi, amma akwai Krita da Inkscape da GIMP waɗanda kyauta ne kuma sun isa koyo. CorelDRAW ne ya fi yawa a maɗaba'un Nijeriya, don haka wanda yake son aiki da masu ɗab'i sai ya san shi. Canva da PixelLab suna aiki a waya, kuma ba laifi ba ne yaro ya fara da su, sai dai samfuran da aka riga aka shirya a cikinsu suna sa mutum ya zaci ya iya tun bai iya ba.

Akwai tarkuna a aikin kwamfuta da mai zanen hannu bai san su ba, domin shi abin da ya shafa shi yake gani. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, wato tsarin RGB, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli a allo yake fitowa a dushe a takarda, mai katin biki ya zo yana faɗa. Hoton da za a buga yana son ɗigo 300 a kowane inci, wanda aka turo ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi. Sannan ga wata matsala tamu ta Hausawa: salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar, sai ka ga an buga kalanda an bar ɗan akwati a wurin harafin, ko an cire lanƙwasar gaba ɗaya ƙasa ta koma kasa. Salon Noto da Andika da Charis suna da waɗannan haruffa, kuma ya kamata mai tsarawa ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya kai maɗaba'a, don kada kwamfutar can ta musanya masa shi. Yaron da ya kiyaye wannan kaɗai ya riga ya sha gaban da yawa daga cikin masu sana'ar.

Batun kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani, domin yayansa yana da gaskiya. Katin biki, fostar siyasa, tambarin 'yan kasuwar intanet, bangon littafi, takardar jikin robar zoɓo da kwalin turare, duk aikin kwamfuta ne, kuma kullum ana nema. Masu rubuta allon shago da buroshi ma injin buga ledar talla ya ƙwace musu yawancin aikinsu. Mai zanen fenti kuwa masu sayen aikinsa kaɗan ne, akasarinsu a Legas da Abuja, kuma suna yake sayarwa, sunan kuwa shekaru ake yi ana gina shi. Sai dai sauƙin shiga aikin kwamfuta shi ne kuma rauninsa: duk mai waya abokin gasa ne, farashi ya faɗi, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi. Wanda zai tsira a wannan cunkoso shi ne mai iya zana abin da babu shi a cikin samfuri, kamar hotunan littafin yara da suka yi kama da yaranmu da gidajenmu, kuma a nan ne hanyoyin biyu suke haɗuwa, a zana da hannu, a ɗauka a shigar kwamfuta, a sa launi a can.

Idan jami'a yake hari, a sani cewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an raba fannonin gida biyu. Zanen fenti da sassaƙa suna sashen Fine Arts, tsara zane kuwa yana sashen Industrial Design tare da zanen yadi da aikin yumɓu, don haka a lura da wanda za a cike a fom. Makarantar zane ta Zariya ta girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1962, domin tun 1958 ɗalibanta irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan cewa ɗan Afirka ya koyi dabarun Turawa amma ya ɗebo siffofinsa daga al'adarsa. Ko wane sashe ya shiga, zanen hannu zai tarar a shekarun farko.

Na san wasu iyaye suna da damuwa game da zana mai rai, kuma wannan magana ce ta malamai, a tambaye su. Abin da zan iya cewa shi ne filin da ba ya buƙatar siffar mutum ko dabba yana da faɗi ƙwarai, kuma namu ne tun asali: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, adon bangon gidajen Zariya da Kano, dagi, da aska takwas da aska biyu na babbar riga, waɗanda sai mai zane ya fitar da su a jikin yadi kafin mai ɗinki ya sa allura. Ɗalibin da ya zauna ya kwafi waɗannan da hannu, sannan ya sake gina su a kwamfuta, yana da taskar da zai riƙa ɗiba don tambari da bangon littafi da kwalin kaya.

Don haka, Hajiya, da ni ce zan raba kuɗin, yau zan saya masa fensira da littafin zane mai kauri da ƙaramin saitin akirilik, in sa shi ya riƙa zana abin da yake gabansa kullum, yana rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, ba kwafar hotunan waya ba. Sauran kuɗin a ci gaba da tarawa don kwamfuta, a saye ta bayan ya gama jarrabawa, a kuma nema masa wata maɗaba'a a unguwa inda zai riƙa zuwa yana ganin yadda aiki yake fita daga allo zuwa takarda. Fentin mai ya jira sai ya shiga makaranta. Kafin nan ya tara ayyukansa mafiya kyau wuri guda, na fensir da na fenti da na kwamfuta, ya ɗauki hoton na takarda a inuwa da rana ba tare da hasken waya ba, domin wannan kundin ne malami ko mai ba da aiki zai fara cewa a nuna masa.