Wajen ɗanɗana wiski a Rayfield, ga yadda na same shi

Akwai wani waje a ɓangaren Rayfield da suka fito da wani tsari da ban saba gani a Jos ba, ba zan kama suna ba don ba talla aka biya ni in yi ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa da mai wajen ba lallai ya ji daɗinsu ba. Maimakon ka sayi kwalba guda a kawo maka ita da tartsatsin wuta ana ihu kowa na kallon teburinka, sai su jera maka ƙananan kofuna biyar a kan wani ɗan katako, kowanne da wiski daban, kaɗan kaɗan, da jug na ruwa a gefe. Na san da yawa cikin 'yan'uwanmu ba sa shan giya saboda addini ko lafiya, wannan ba naku ba ne kuma ba gayyatar kowa nake ba. Da masu sha nake, musamman irin mutanenmu da za su sayi Black Label da kuɗi mai ciwo su juye mata Coke da lemon ƙarin kuzari har ta koma ruwan alewa, sannan gobe su ce wai jiya sun sha wiski.

Yaron da ke bayan kanta shi ne rabin darajar wajen gaskiya. Ba zai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba amma ya san abin da yake zubawa, kuma ba ya yi maka iyayi. Ina ɗaukar kofin farko zan kai baki ya ce, Oga kar ka kurɓa tukuna, shinshina, amma ka bar bakinka a ɗan buɗe kar ta ƙona maka hanci. Kofin ma ba tambulan ɗin da muka saba ba ne, mai faɗin ciki ne da tsukakken baki, shi yake tara ƙamshin ya turo maka shi waje guda. Kurɓar farko kusan zafi kawai za ka ji don kowace ɗaya a cikinsu ba ta gaza kashi 40 cikin ɗari ba, sai a ta biyu harshe yake fara gane abin da ke ciki.

Da Jameson suka fara, ta Ayalan, kamfanin tun 1780 a Dublin, yanzu a Midleton ake yinta can yankin Cork. Sau uku ake dafa ta a tara tururin, shi ya sa take da laushi ba ta kartar maƙogwaro. Ba laifi. Na gane dalilin da ya sa ta cika teburan mutane daga nan har Abuja, ba ta faɗa da kowa, amma kana haɗiyewa ta tafi, ba ta bar maka abin tunawa. A matsayin buɗe baki dai ta yi.

Ta biyu Glenfiddich mai shekara 12, koriyar kwalba mai kusurwa uku da hoton barewa. A nan ne hira ta fara daɗi. Ita singul molt ce, wato sha'ir zalla kuma daga gidan dafawa guda ɗaya, a garin Dufftown da ke yankin Speyside na Sikotlan, William Grant ne ya fara dafa ta a 1887 kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da kamfanin. Duk wanda ya taso a Filato ya ga yadda iyayenmu mata ke yin burkutu ya riga ya san rabin aikin, a jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Haka suke wa sha'ir, sai dai su ba a nan suke tsayawa ba, sai su zuba a tukunyar tagulla su tara tururin, abin ya fito fari fat, sannan a ɗura a gangar katako a manta da shi shekaru. Dokar Sikotlan ba ta yarda a kira abu wiskinsu ba sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok a cikin ƙasar. Yawancin ƙamshin nan daga katakon yake fitowa. A wannan kam ƙamshin ɗanyen tuffa ne ke fara dukan hanci, da ɗan zaƙi a baya, da yaron ya ɗiga mini ruwa 'yan ɗigo da bakin cokali sai ta ƙara buɗewa, zafin ya kwanta 'ya'yan itacen suka fito fili. Wanda bai taɓa shan wiski zalla ba da wannan zan ce ya fara.

Lambar 12 ɗin nan kuma mutane da yawa ba su gane ta ba. Shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin abin da aka haɗa a kwalbar, kuma shekarun ganga ake ƙirgawa, da zarar an ɗura a kwalba agogo ya tsaya. Kusan kowane gida akwai wani kawu da ya ajiye kwalba a kabad ɗin falo tun zamanin soja yana cewa tana ƙara tsufa tana ƙara tsada, to kawu yi haƙuri, yadda aka rufe ta haka take. A ganga kuwa duk shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na bin iska a yanayin Sikotlan, ka lissafa shekara 18 ko 25 ka ga abin da ya rage, daga nan tsadar tsofaffin take farawa.

Ta uku Jack Daniel's, kuma a nan na fara samun saɓani da su. A takardarsu sun rubuta ta a layin burbon, wani nau'in wiskin Amurka, alhali kamfanin da kansa wiskin Tenesi yake kiranta, a Lynchburg ake yi, kuma kafin ta shiga ganga sai an ɗiga ta ta ratsa gawayin itacen mapul. Masara ce ta fi yawa a ciki, shi ya sa zaƙi, ƙamshin ayaba cikakkiya da banila da ɗan ƙauri na sukari. Ni dai ta yi mini zaƙi da yawa, kuma in burbon suke son nuna wa mutane da Maker's Mark ko Wild Turkey suka sa, daga Kentaki. Dokar Amurka ta ce burbon dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari, kuma dole a sa a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Sabuwa fa, ba a maimaitawa. To ina tsofaffin gangunan ke zuwa? Sikotlan da Ayalan ne ke saye su zuba nasu, wato ɗan banilar da ka ji a Glenfiddich da Jameson ɗazu ragowar Amurka ce. Da na faɗa wa yaron maganar takardar dariya ya yi ya ce, Oga ni ma na gaya wa manaja, ya ce ba wanda zai lura.

Ta huɗu Black Label, wadda kowa ke ganin ya sani. Wallahi mun raina kwalbar nan ne saboda ta yi yawa a idonmu, biki ita, bazday ita, an ci zaɓe ita, an faɗi zaɓe ma ita. Johnnie Walker daga kantin kayan masarufi ya fara a Kilmarnock a 1820, kuma Black Label haɗi ce ta wiski iri iri daga gidajen dafawa daban daban, na sha'ir da na sauran hatsi, kowanne bai gaza shekara 12 ba. In ka sha ta zalla a hankali bayan waɗancan ukun za ka ji tana da hawa hawa, zaƙin busassun 'ya'yan itace a farko, ɗan yaji a tsakiya, can ƙarshe bayan ka haɗiye wani siririn hayaƙi ya biyo baya. Wannan hayaƙin shi Coke ke fara kashewa.

Sai dai duk wannan bayani banza ne in abin da ke cikin kwalbar ba shi ba ne, kuma a ƙasar nan kwalbar da ta fi suna ita aka fi yi wa jabu. A Disambar 2023 NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba ta tarar da shaguna ana ɗura giyar jabu a kwalaben manyan kamfanoni, ka san masu bi mashaya mashaya suna sayen kwalbar da aka shanye ba don ado suke saye ba. Kuma abin ba asarar kuɗi kaɗai ba ne, mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015 sinadarin metanol ne a cikin ogogoro ya kashe su, mu nan ma mun ga abin da goskolo, mugun haɗin giyar nan, ya yi wa samarin unguwanninmu. A nan na yaba wa wajen, kwalaben a gabanka suke ba a bayan labule ba, in sabuwa za a fasa sai yaron ya miƙo maka ka duba murfi da lambar NAFDAC da kanka, kuma da idona na ga ya kankare takardar wata da ta ƙare da wuƙa kafin ya jefa a kwandon shara.

Ta biyar ita ce dalilin da zan koma. Laphroaig mai shekara 10, daga tsibirin Islay a yammacin Sikotlan, gidan tun 1815. Tun kafin kofin ya iso hancina na ji ta. A tsibirin akwai wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi da gansakuka da ta daɗe tana taruwa a fadama, pit suke ce mata, sai a yanko ta a shanya a ƙona, da hayaƙinta ake turara tsiron sha'ir, hayaƙin ya kama ƙwayar ya bi ta har cikin kwalba. Abin da za ka ji, toka, hayaƙi, gishirin teku, da wani wari na aidin da bandeji. Abokina da muka je tare, shi ɗan Jameson ne na gani kashe ni, ya shinshina ya ture kofin ya ce haba mutumina wannan ai ɗakin tiyata ne, ni ban biya kuɗi don in sha asibiti ba. Na janyo nasa na haɗa da nawa. Don in ka daure kurɓa biyu na farko, ƙarƙashin hayaƙin akwai wani zaƙi mai nauyi da ke fitowa a hankali, kuma tana daɗewa a baki, ka yi hira ka yi shiru ka sake hira tana nan. Ga sanyin Jos, garin da ke sama da mita 1,200, lokacin hunturu ne iskar nan ta dare tana shigowa ta ƙarƙashin rigar sanyi, ka kurɓa ka ji ɗumi ya sauka ƙirji ya zauna. Akwai mai tsire a bakin get ɗinsu, na aika aka kawo mai ɗan kitse, hayaƙin gawayi da na kofin suka haɗu, kai, abin ba a magana. Amma ka ce a sa yajin a gefe, in aka barbaɗa maka shi yadda suka saba harshenka ya mutu, daga nan ko me aka zuba maka ɗaya ne. Kilishi ma haka, ya fi ƙarfin sauran huɗun, ita kaɗai ke iya tsayawa da shi.

Yanzu ga inda suka gaza. Ƙarfe tara na yi dije ya hau, kiɗa ya tashi har kofunan kan katako na rawa, bayanin yaron kuma sai dai ka karanta a leɓensa. Wannan ma da sauƙi, babbar matsalar shisha ce, teburin kusa da mu suka kunna mai ƙamshin tuffa da na'a na'a, hayaƙin ya cika ɗakin, to wanda ya biya kuɗi don ya yi aiki da hancinsa ya zai yi? Ka tara masu ɗanɗano da masu shisha a ɗaki ɗaya rufaffe ai ka ɓata wa ɗaya, kuma mun san wa. Ƙanƙararsu ma ba ta yi ba, na karɓi guda don in gwada a Jack Daniel's na ji tana warin firij, da alama tare da kifi suke kwana. Ba a rubuta farashi a takardar ba sai ka tambaya, abin da ba na so ke nan a ko'ina, kuma jerin kofuna biyar ɗin ya kusa kuɗin cikakkiyar kwalbar Jameson a shago, wanda ga wasu zai zama hauka. Ni ban ga tsadarsa ba tunda Laphroaig kaɗai in za ka sayi kwalbarta sai ka shirya, kuma in ka saya ka tarar kai ma irin abokina ne fa? Akwai wata kwalbar Yamazaki ta Japan a can saman kanta, daga gidan dafawar da kamfanin Suntory ya kafa a 1923, na tambaya nawa ne shot, aka ce ta maigida ce ba ta sayarwa ba. To me ta hau yi kan kanta, don Allah.

'Yan matan da ke hidima ba laifi suna da fara'a, sai dai an koya musu tura kwalba, kowane minti kaɗan sai an zo an ce Daddy ba za a kawo cikakkiya ba? Banɗaki tsaf, wajen ajiye mota akwai mai gadi, POS ɗinsu ya yi ta wahalar netwok sai tiransifa muka yi.

In za ka je ka je tsakiyar mako, da wuri wajen ƙarfe shida kafin dije ya iso, ka ce a ba ka teburin waje na baranda nesa da masu shisha, ka zo da rigar sanyi. Ka ci abinci kafin ka zo, kuma kar ƙanƙantar kofunan ta ruɗe ka, biyar ɗin in aka haɗa sun isa su hana ka tuƙi, ka shirya wanda zai mayar da kai gida tun kafin ka zauna don samun keke a Rayfield da dare ba abin dogaro ba ne. Kuma ka roƙi yaron ya bar maka Laphroaig a ƙarshe ko da manaja ya sauya jerin, in ta riga sauran shiga bakinka ba za ka ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.