Hattara da mai sayar da saitin ƙoƙon kai mai ihu

Jama'a masu sha'awar haɗe-haɗen kayan lantarki, akwai wani da ke talla a intanet yana sayar da abin da ya kira cikakken saitin fatalwa. A bidiyonsa, ƙoƙon kan roba ne rataye a jikin wata shuɗiyar ƙofa, mutum na gittawa sai ya juyo, idanunsa su yi jajir, ya kurma ihu. Tallan ya fito daidai lokacin da ake shirin Halloween, bikin shigar ban tsoro na 31 ga Oktoba. Ni ma bidiyon ne ya ruɗe ni.

Tun wajen biya ya kamata in farga. Ya ce in na tura masa kuɗin kai tsaye, ba ta shafin cinikin ba, zai yi mini ragi. Kwaɗayi ya ja ni, na rufe wa kaina ƙofar kai ƙara.

Da kwalin ya iso, allon lantarkin da ke sarrafa saitin yana ɗauke da tambarin Arduino Uno, amma ɗan guntun na'urar da na gani a gefen ramin USB ɗin CH340 ne, alhali a allon asali, Uno R3, ATmega16U2 ne a wurin. Kwafi ba laifi ba ne, tsarin allon a buɗe yake ga kowa, ina da guda biyu ma suna aiki lafiya lau. Cutar ita ce a manna tambari a karɓi kuɗin na asali. Ƙaramin injin da ke juya wuya kuma an rubuta masa MG90S, mai haƙoran giya na ƙarfe ke nan. Ko awa ɗaya bai yi ba ya fara gurnani, kan ya karkace ya tsaya. Na kwance shi, haƙori ɗaya na sama ne kawai ƙarfe, sauran duk roba, sun cinye.

Batiran ne suka fi tayar mini da hankali. Irin 18650 ne, an buga musu 9900 mAh, wato yawan cajin da suke ɗauka. Babu batirin wannan girman da ke ɗaukar haka, masu kyau ma a wajen 3500 suke tsayawa. Na gaske yakan kai giram 45, nawa a sikeli 25 suka nuna, ɗaya kuma ya ɗau zafi a caji har na kasa riƙe shi. Wannan fa a cikin ƙoƙon roba ake so in sa, a bakin ƙofar da yara ke wucewa.

Kuma mutumin ya san aikin, shi ya sa ya iya ja mini rai. Na ce masa na'urar gano motsin, HC-SR501, ba ta daina kunna ihu, sai ya ce ai in aka ba ta wuta tana bukatar kusan minti ɗaya ta daidaita, in kuma murɗa 'yan maɓallanta biyu, na nisa da na jinkiri. Duk gaskiya ne, na kuwa yi. Amma da na sa mitar auna wuta, wuta ba ta yankewa a ƙafar na'urar da ke ba da sigina, ko ɗakin ba kowa. Mako biyu yana "gwada kaza, gwada kaza", sai na wayi gari shafinsa ya ɓace.

Jiya na sake cin karo da tallan da wani sabon suna. Bidiyon bai canja ba, har tsagewar da ke ƙasan shuɗiyar ƙofar tana nan.