Gidan Talakawa na Southwell: Bitar Ziyara

Wanda ke son fahimtar yadda Ingila ta riƙe talakawan karkara a ƙarni na 19, ya fara da wannan gida da ke garin Southwell a gundumar Nottinghamshire, inda a da marasa galihu ke samun abinci da makwanci su biya da aiki. Yanzu National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ce ke kula da shi. An gina shi a 1824 bisa tsarin wani limamin coci, John Becher, domin mutum 158 daga unguwannin coci 49, kuma tsarinsa ya zama abin koyi ga dokar tallafin matalauta ta 1834.

Ƙarfin wurin yana cikin ginin kansa. Maza daban, mata daban, yara daban. An kuma ware masu ƙarfi daga tsofaffi da gajiyayyu, kowane rukuni da farfajiyarsa. Ofishin shugaban gidan na tsakiya, yana hango farfajiyoyin ta taga. Da gangan aka tsananta rayuwa a ciki: aikin fasa dutse da tsefe tsohuwar igiya, abinci kuma kunun hatsi, don kada wanda ke da wata mafita ya nemi shiga. Abin da ya fi ciwo shi ne raba miji da mata, uwa da ɗanta.

Ɗakuna da yawa babu kaya a ciki, don haka wanda ya ratsa da sauri zai ga bango ne kawai. A tsaya a tambayi masu aikin sa kai, sun san tarihin sosai. A ware awa biyu zuwa uku, kada a tsallake asibitin gidan mai suna Firbeck, wanda aka gina a 1871, a kuma duba ranakun buɗewa kafin a tashi.