Sharhi: yawon rakiya cikin zurfafan hanyoyin gonakin inabi na Kaiserstuhl

Duk wanda ke zaune a Freiburg ko kewayenta, ya kuma yi baƙo daga gida yana neman inda zai kai shi, ina ba shi shawara ya biya kuɗin yawon rakiya, wato zagaye da ƙafa tare da jagora, a tsaunukan Kaiserstuhl. Amma da sharaɗi: tun wajen yin rajista ya tambaya ko yawon na kallon ƙasa da tsuntsaye ne, ko na ɗanɗana giyar inabi. Ana tallata su da hotuna iri ɗaya. Wanda muka shiga ni da Kawuna, manomi da ya zo Jamus ganin likita ya ɗan zauna a wurina, gauraye ne. Ɓangaren zurfafan hanyoyin gona da suka nutse cikin ƙasa ya ci kuɗinsa har da ƙari. Ɓangaren giyar kuwa ba don irinmu aka tsara shi ba, ya kuma cinye lokacin da ya kamata a ba hanyoyin.

Kaiserstuhl tarin tsaunuka ne a kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, tsakanin Freiburg da kogin Rhine, dab da iyakar Faransa. Asalinsa dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun shekaru miliyoyi, kuma ƙololuwarsa, Totenkopf, mita 557 ce kawai. Yankin na cikin wuraren da suka fi ɗumi a ƙasar, shi ya sa inabi ya mamaye ko'ina. Daga Freiburg jirgin ƙasa na zuwa Ihringen da Breisach cikin kusan rabin sa'a, daga nan a canja zuwa ƙauyukan ciki. Mu a Bickensohl aka ce mu haɗu, inda hanyar ƙafa mai kusan kilomita 7 ke zagaya gonaki tana ratsa zurfafan hanyoyin.

Jagorar tamu dattijuwa ce, 'yar yankin, kuma ita ce dalilin da zan sake biya. Ba ta fara da dogon jawabi ba. Muna shiga bakin hanya ta farko ta tsaya, ta kankaro ƙasar da ta zubo a gindin bango, ta zuba wa kowa a tafin hannu. Ƙasa ce ruwan ƙwai-ƙwai, babu tsakuwa ko ɗaya, in ka murza ta sai ta lafe a yatsa kamar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tabarma. Kawu ya murza, ya sunsuna, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan ai iska ce ta kawo ta." Na fassara wa jagorar, ta yi murna ƙwarai, don amsar ke nan. Les suke kiranta. A zamanin ƙanƙara, lokacin da kwarin Rhine yake fili tsirara babu ciyawa, iska ce ta riƙa kwasar lallausar ƙura tana jibge ta a kan tsaunukan, har ta rufe baƙin dutsen da kaurin da ya kai mita 30 a wasu wurare. Masana ƙasa sun gano irin wannan shimfiɗa ta ƙurar iska a arewacin Nijeriya ma, a filayen da ke tsakanin Kano da Zariya da Funtuwa, don haka hannun Kawu bai yi ƙarya ba.

Abin mamakin shi ne babu wanda ya haƙa waɗannan hanyoyi. Ƙasar les muddin ba a taɓa ta ba tana tsayawa ƙyam, saboda sinadarin farar ƙasa da ke cikinta yana riƙe ƙwayoyinta. Amma da zarar kofaton sa ko ƙafar amalanke ta niƙe ta, ta zama gari, ruwan sama na farko zai tafi da ita. Manoma na hawa gona da safe, su sauko da kaya da yamma suna jan birki, ƙasan hanya na raguwa kaɗan-kaɗan, bangon gefe kuwa yana nan tsaye. Haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru har hanya ta nutse. Wadda ta fi suna, Eichgasse, tsawonta kusan mita 300 ne, zurfinta a tsakiya ya haura mita 10, faɗinta kuwa na amalanke ɗaya ne. Kana shiga zafin rana ya yanke, iska ta tsaya, muryar wanda ke gabanka ta canja. Saiwoyin itatuwa na reto daga sama, sararin samaniya ya koma siririn zare.

Nan ne jagorar ta nuna gwanintarta. Ta sa muka dubi bangon dama da na hagu. Wanda rana ke bugu busasshe ne fes, cike da ƙananan ramuka kamar an soke shi da allura; gidajen ƙudajen zuman daji ne da zanzaro, waɗanda kowace ke haƙa ɗakinta ita kaɗai. Da muka yi shiru sai muka ga suna shiga suna fita, wata ɗauke da garin fure a ƙafa. Bangon inuwa kuwa a jiƙe yake, ganye mai yaɗo ya lulluɓe shi. Taku uku ne tsakaninsu. Ta nuna mana ƙananan ƙwanson katantanwa farare a cikin bangon, waɗanda ƙurar ta binne tun lokacin da take sauka, da wasu dunƙulallun duwatsu masu siffar 'yar tsana da ruwa ke haɗawa daga farar ƙasar. Akwai kuma ɗakunan da manoman zamanin baya suka fafe a jikin bango don ajiye kayan aiki da fakewa daga ruwa. Kawu ya daɗe a ƙofar ɗaya yana shafa rufin, yana mamakin yadda babu azara babu ginshiƙi amma bai rufta ba.

Mun je ne a watan Yuni, kuma wannan shi ne lokacin. Tsuntsun nan mai cin ƙudan zuma, mai wuya rawaya da ƙirji shuɗi-shuɗi da baya ja-ja, yana isowa daga Afirka a watan Mayu, ya haƙa rami mai tsawon fiye da mita 1 a bangon les, ya yi ƙwai, ya koma kudu wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ya taɓa ɓacewa daga yankin, sai wajen 1990 ya dawo da zama. Jagorar ta zo da madubin hangen nesa ta kafa shi can nesa da bangon, ta hana kowa matsawa, kuma na ji daɗin tsananinta a kan wannan. Ta cikin madubin na ga ɗaya ya cafko ƙudan zuma a iska, ya dawo kan waya, ya buga shi, ya goga gindinsa a jikin wayar har dafin ya fita, sannan ya shige rami da shi. Koren ƙadangare mai shuɗin maƙogwaro ma ya fito mana a bakin ciyawa.

Ba ta ɓoye abin da aka yi wa wurin ba, ko da yake danginta manoman inabi ne. A shekarun 1960 da 1970 aka shigo da katafila aka sake fasalin gonaki, aka rushe ƙananan matakalan gona da aka yanka a jikin tudu da hannu, aka mai da su manya-manya domin tarakta ta samu wurin juyawa. Hanyoyi masu yawa a lokacin aka cike su ko aka baje su. A watan Mayun 1983 ruwa mai yawa ya sauka, gangaren sababbin matakalan da dama suka zabtare. Daga kan tudu ta nuna mana tsohon yayi da sabo gefe da gefe. Ban ga laifin manomin da ke son sauƙin aiki ba, amma abin da amalanke ta yi shekaru ɗaruruwa tana sassaƙawa ba a dawo da shi da kuɗi. Ragowar yanzu doka ta kare su. Sai dai wasu an shimfiɗa musu kwalta ko dutse, sun daina nutsewa, kuma in ba a sare itatuwan da ke rufe bango ba, ƙwari da tsuntsaye masu son rana sai su ƙaura.

Yanzu ga inda na ji ba daɗi. Tallar ta ce za a ɗan tsaya a sha wani abu a hanya. Ashe tsayawa ce mai tsawo a rumfar gona, ana zuba kala-kalar giyar yankin ana bayanin kowace, har wata hanya da aka yi mana alkawari aka ce lokaci ya ƙure. Na faɗa tun a waya cewa mu Musulmi ne ba ma sha, aka ce ba komai, amma saƙon bai isa rumfar ba. Jagorar ce da kanta ta je ta samo mana ruwan inabi zalla wanda bai tsima ba, mai sanyi, mai daɗi ƙwarai. Abincin da aka kawo, wata siririyar gurasa mai kirim da albasa, da naman alade a kanta, don haka burodi da cuku muka ci. Na ce wa Kawu, "Ku yi haƙuri, Kawu, ko mu koma inuwa mu jira su?" Ya ce mu je. Can muka yi sallar Azahar a gefen gona, babu wanda ya dame mu. Kuɗin giyar da ba mu sha ba yana cikin abin da muka biya, kuma ba a rage ko sisi ba.

Abu na biyu, mun yi yawa. Hanyar siririya ce, dole a jera ɗaya bayan ɗaya, na baya ba ya jin abin da ake faɗa a gaba sai ya yi ta tambaya. Bayanin duk da Jamusanci ne. Banɗaki sai a cikin ƙauye, wurin cika gora ma haka.

Hawan ba mai tsanani ba ne, Kawu da ciwon gwiwarsa ya kammala da sanda, amma tsakanin wata hanya da wata fili ne babu inuwa, ga rana mai zafi, don haka a tafi da hula da ruwa. Wanda ba ya son biyan kuɗi zai iya bin hanyar shi kaɗai, akwai alamomi da allunan bayani, sai dai zai wuce ramukan ƙudan zuma da ƙwanson katantanwa bai san ya wuce su ba. A Ihringen akwai cibiyar da suke kira Naturzentrum Kaiserstuhl, wadda ke shirya yawon tsirrai da tsuntsaye, kuma can zan nufa a karo na gaba. In an kwana ana ruwa, a ɗaga tafiyar: les jiƙaƙƙiya santsi gare ta, tana kama takalmi, kuma a irin wannan lokaci ne bango ke zubowa.