Masu horon da oga ya kawo mana Kugbo

Gaskiya da oga ya ce za a kawo masu horo shagonmu na kafinta a Kugbo da ke Abuja na ɗauka ɓata lokaci ne kawai. Kwana uku suna koya mana tsarin Toyota na Japan, kaizen, wato gyara aiki kaɗan-kaɗan kullum, da kanban, wato kati a jikin allo kowa ya ga inda aiki ya maƙale. Wanda ya fi burge ni shi ne maganar samfur, da can sai mun yanka katako mai tsada kwastoma ya zo ya ce bai yi ba, yanzu da kwali muke fara haɗawa ya gyara tukuna. Kuɗinsu dai da zafi wallahi, turancin ma ya yi yawa, ni na riƙa fassara wa yaran shago.